Ruwan da Na Miƙa da Hagu

Masu tambayata ta akwatin saƙo ko da gaske ne kashin kare nake kwashewa, bari in hutar da ku yau. Da gaske ne. Sau uku ma a rana, da ƙaramin shebur da leda, idan kuma ɗan karen nan Kelewele ya samu ya saci mangwaro a gidansu, sau biyar. Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Enyonam, shekaruna ashirin da shida, muna zaune da mahaifiyata a Ashaiman, ina aiki a gidan renon karnuka na Anti Araba da ke East Legon. Masu karnuka su kawo su da safe za su tafi ofis, su ɗauke su da yamma. Tsakanin nan kuwa duk nawa ne, su goma sha tara.

Ba zan ce muku aikin daɗi ne zalla ba. Ƙarfe biyar na asuba nake tsaye a tasha. Haushin karnuka yana bina har gida, in kwanta kunnena yana amsa shi. Hannayena daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk zanen farce ne, ba don mugunta ba, murna ce take musu yawa. A trotro kuwa, motar hayarmu, na saba, da na zauna sai ta kusa da ni ta ɗan shinshina iska ta matsa jikin taga. Abin da ya fi ciwo shi ne ka shaƙu da kare shekara biyu, wata safiya a turo saƙo cewa sun koma Kumasi, ko sallama babu.

Amma ku tambayi Dada, mahaifiyata, yadda nake kafin wannan aikin. Babana ya rasu a shekarar da makarantar koyon jinya ta ƙi ɗaukata karo na biyu. Shekara biyu na yi a ɗaki, ina taya Dada ɗinkin maɓalli, magana sai ta kama dole. Anti Araba tana kawo mata ɗinki, ita ta dube ni wata rana ta ce wa Dada, "Wannan mai shirun, ki ba ni ita, karnuka suna son irinta." Ranar farko ina zaune a benci, wani ƙaton tsohon kare mai farin gemu ya taho a hankali ya ɗora kansa a gwiwata ya sauke numfashi. Opanyin sunansa, wato dattijo, na wata ma'aikaciyar asibiti ne. Na yi kuka a kansa har kunnensa ya jiƙe, bai motsa ba. Daga ranar na dawo mutum, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya bi da ni ta wannan ƙofar.

To akwai yadda muke aiki, kuma sai kun gane shi za ku gane abin da ya same ni. Igiyar kare a hannun dama take. A ƙugun hagu akwai 'yar jaka cike da busasshiyar hanta da aka yayyanka ƙanana. Ka ce wa kare ya zauna, da zarar gindinsa ya taɓa ƙasa sai hannun hagu ya miƙa masa hanta, baki ya ce "yauwa". Ba a jinkiri ko na ƙiftawar ido, in ka yi jinkiri bai san abin da ya yi ya samu ba. Anti Araba ta yi wata guda tana buga min hannu kafin na iya. Yanzu shekara uku, sau ɗari a rana. Hannun ya daina shawara da ni.

A can na haɗu da Selorm. Ya zo gyara mana fankokin rumfa, Kelewele ya ɗauke masa sukundireba ya gudu, shi kuma ya ƙi saukowa daga tsani sai da na rantse masa ɗan abin nan bai kai girman takalminsa ba. Dogo ne, baƙi, mai magana ƙasa-ƙasa, kuma fanka ɗaya ya gyara sau huɗu a wata guda kafin ya iya tambayar lambata. Bana muka shekara. Maganar da ta rage ita ce manyansa su zo su ƙwanƙwasa ƙofarmu neman aurena, amma kafin nan mahaifiyarsa, Mama Mawusi, ta ce za ta zo ta gan ni da idonta ranar Lahadi bayan coci.

Dada tun Juma'a ta hana kanta sukuni. Ta wanke labule, ta aro kujerun roba masu hannu a wurin maƙwabta, ta matsar da keken ɗinki lungu ta lulluɓe shi da leshi. Ta ɗinka min riga da zani na atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta yi wa rigar dogon hannu da gangan.

"Ki yi wanka da lemun tsami," in ji ta.

"Dada, jiya ma ban je aiki ba."

"Ke ce ba kya ji. Ni da nake kwana da ke ina ji. Kuma in ta tambayi aikinki, ki ce kina kula da dabbobi, ki yi shiru. Kar ki fara mana labarin wane ya ci wane bai ci ba."

Ƙarfe ɗaya suka iso. Mama Mawusi tsohuwar malamar firamare ce, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gane. Gajera, tsaf-tsaf, farin leshi, ɗankwali a ɗaure kamar da ma'auni, jaka baƙa a maƙale a hammata. Selorm yana bayanta da farar riga yana ta share gumi. Na fito da faranti a hannun dama, kofunan ruwa biyu a kai, don baƙo ba ya buɗe baki da abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Zafi ya sa na naɗe hannun rigar a kicin, na manta ban sauke ba.

Dada ta nuna kujera ta ce, "Ki zauna mana, sannu da hanya."

Ta zauna.

'Yan uwa, ku yi min adalci. An ce zauna, an zauna. Kafin kaina ya farga, hannuna na hagu ya zari kofi ya miƙa mata har gaban fuska, bakina kuma ya ce, da wannan muryar tawa ta aiki mai ɗan zaƙi, "Yauwa."

Na ji Selorm ya haɗiyi yawu. Dada ta taka min ƙafa da ƙarfin da har yau yatsan yana tuna min.

Kowa ya sani, in dole ta sa ka miƙa abu da hagu sai ka nemi afuwa ka ce "hagu ce", mai karɓa ya ce "hannu ne", magana ta mutu. Ko yaron da bai shiga makaranta ba ya iya wannan. Na durƙusa da sauri na ce, "Hagu ce, Mama."

Ba ta ce hannu ne ba. Ba ta ma dubi fuskata ba. Kofin take kallo, daga shi ta gangara kan zanen farcen da ke hannuna, ta daɗe a wurin. Na ga leɓenta yana motsi. Can ta ce, "Ajiye a tebur."

Ruwan nan haka ya zauna har suka tashi. Akple, tuwon masara, da miyar kuɓewar da Dada ta tashi tun asuba ta yi, ko buɗe kwanon ba a yi ba. Da Mama Mawusi za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Dada, ba ni ba, "'Yarki tana da kyau, kuma na ji an yabi halinta. Amma mutanenmu ba za su ƙwanƙwasa ƙofar nan ba sai ta bar karnuka. Wannan kaɗai ne."

Suna fita Dada ta cire ɗankwali ta zauna a ƙasa.

"Yauwa," ta ce tana kwaikwayon muryata. "Yauwa. Uwar mijin da za ki aura. Me ya hana ki shafa mata kai ki sosa mata kunne?"

"Dada, ba da gangan na yi ba."

"Ai shi ne abin tsoron. Gobe fasto zai ce a zauna ki bi layi kina raba wa mutane hanta." Ta share ido da gefen zani. "Enyo, ni ban ƙi aikinki ba, na san abin da ya yi miki. Amma yaron nan na kirki ne, ni kuma ba ƙarama ba ce. Ki zo mu yi ɗinki. Keke biyu za su shiga ɗakin nan."

Ni kam haushi ne ya cika ni. A raina na ce raini ne kawai, irin na masu ganin wanda ya taɓa kare bai isa ya taɓa kofinsu ba. Litinin Selorm ya yi ta turo saƙo.

"Kin tashi lafiya?"

"Enyo."

"Na ga kin karanta."

"Ko hoton Kelewele ne ki turo min in san kina raye."

Sai yamma na amsa: "Jiya ina bakinka ya tafi?"

Ya rubuto: "Akwai abin da ban faɗa miki ba. Gobe in kin tashi ina jiranki wurin mai gasa ayaba."

Talata na same shi a can zaune a kan dakali, ya sayi ayaba da gyaɗa ya riƙe bai ci ba. Ban ko canza koriyar rigar aikina ba, duk gashin kare a jiki, da gangan na bar ta.

"To, ina ji," na ce. "In wa'azin ladabi ne, Dada ta riga ka."

"Ni ba ɗan fari ba ne, Enyo."

Na dube shi. Shekara guda ina jin ana kiranta Maman Selorm.

"Akwai yayana, Edem. Shekararsa shida, lokacin Mama tana koyarwa a wani ƙauye bayan garin Kpando, ni ina goye. Ɗan kwikwiyon maƙwabta ya cije shi a ƙafa suna wasa. Ɗan ciwo ne, aka wanke aka sa magani, ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kama shi." Ya juya ledar gyaɗar a hannunsa. "Kin fi ni sanin sauran."

Na sani. Haukan kare ne, duk wanda ke aikinmu an koya masa alamunsa.

"Kukan ƙishi yake," in ji Selorm. "Ya ce Mama ruwa. In ta kawo kofin kusa da bakinsa sai ya firgita ya ture, maƙogwaronsa ya shaƙe. Kwana uku tana miƙa masa ruwa bai sha ba. Ba a faɗin sunansa a gidanmu. Ni ma a bakin kakata na ji."

"Ka san haka ka bar ni na fito mata da kofi da wannan hannun?"

"Na ɗauka in ta gan ki za ta so ki, kamar yadda na yi. Kuskurena ne."

Na so in yi masa faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Abin da nake gani kawai idon matar nan daga kofi zuwa hannuna. Ashe ba hagun ma take kallo ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba ko a ranar Lahadin, don kwana biyu na yi ina zaginta a zuciya.

Laraba da yamma na yagi takarda daga littafin awon Dada na rubuta wa Anti Araba cewa ƙarshen wata zan ajiye aiki. Sau uku na sake rubutawa don hawaye yana ɓata min tawada. Dada ta gani, sai ta ƙara min kifi a miya. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Selorm na rubuta: "Ba don an tilasta ni ba. Don Edem ne. Kar ka ce min komai."

Jiya Alhamis na ajiye ta a teburin Anti Araba tun kafin ta iso, na danne da kwalbar man wanka, na shiga fili. Duk abin da na saba yi da ƙorafi sai ya zama abin so. Na wanke kwanuka ina kallonsu. Shito, wata siririyar karya mai tsoron ruwan sama, ta kawo min ƙwallonta ta ajiye a kan takalmina. Tagwayen karnukan gidan lauya suka yi faɗansu na kullum a kan igiya ɗaya alhali akwai guda shida. Ƙarfe goma sha biyu na ɗauki hotunan da muke tura wa masu su kowace rana, mai Opanyin ta amso daga asibiti: "Allah ya yi miki albarka, Enyo, ke ce kike sa in yi aiki hankalina kwance." Na kife wayar a aljihu.

Wajen ƙarfe ɗaya aka buga ƙararrawar waje. Karnuka suka ɗauki haushi gaba ɗaya kamar yadda suka saba. Na leƙa ta ramin ƙofa, sai ga farar lema, baƙar jaka a hammata, atamfa ruwan ƙasa. Mama Mawusi ce, ita kaɗai.

Ƙofarmu biyu ce, ta waje da ta ciki, da ɗan soro a tsakani, kuma doka ce ba a buɗe ɗaya sai an rufe ɗaya. Na shigo da ita soron na rufe. Haushin yana dukan ƙofar ciki, na ga gumi yana tsattsafo mata a saman leɓe.

"Mama, sannu da zuwa. Mu fita waje mu yi magana, nan akwai hayaniya."

"Nan na zo." Ta naɗe lemar a hankali. "Selorm ya nuna min takardarki. Ban aike shi ya ba ki labarin ɗana ba, kuma ya sha faɗa a wurina. Amma tunda har sunan Edem ya shiga maganar raba mutum da sana'arsa, ba zan yarda a yi ban ga abin da idona ba. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ba yaro maki a kan takardar da ban karanta ba. Nuna min."

Na fara kai ta ofis, don ta soron ake shiga ba sai an bi fili ba. Anti Araba ta fita kai wani kare wurin likita. Takardata tana nan ƙarƙashin kwalba ba a taɓa ba. A bango akwai allo mai aljihuna, kowanne da kati.

"Waɗannan fa?"

"Katin rigakafi ne, Mama. Kowane kare da nasa, da hatimin likitan dabbobi da kwanan wata. Wanda ba shi da shi ba ya wuce soron nan, ko na minista ne. In ya saura wata guda allurar ta ƙare, ni nake kiran mai shi in dame shi har sai ya kai."

Ta sa tabarau ta zaro ɗaya ta karanta tun daga sama har ƙasa. Ta zaro na biyu.

"Wannan ba sunan kare ba ne."

"Nawa ne. Mu ma ana yi mana kafin mu fara aiki."

Ta daɗe tana riƙe da shi. Da ta yi magana muryar malamar ta tafi, wata ce daban. "Da an yi wa wancan kwikwiyon irin wannan?"

Na so in sassauta mata, amma ba ta zo don a lallashe ta ba. Na ce, "Da bai kamu ba, Mama."

Ta gyaɗa kai. "Daga baya aka ce min akwai allurar mutum ma a asibitin garin Ho, in an kai shi da wuri. Daga baya." Ta mayar da katin aljihunsa, ta daidaita shi da yatsa. "Muje in gan su."

"Ba dole ba ne."

"Yarinya, na ce muje."

Na shiga ni kaɗai tukuna, na kora masu rawar kai ɗaya filin na rufe, Kelewele yana ta zagina da harshensu. Na bar Opanyin kaɗai a kwance ƙarƙashin bishiyar mangwaro, na ɗaura masa igiya duk da ba ya bukata. Sannan na buɗe mata.

"Kar ki fuskance shi, Mama, ki ba shi gefe. Kar ki kalli idonsa. Ki bar hannunki a ƙasa. Shi zai zo, in kin ce a'a kuma ba zai zo ba."

"Yau ke ce malamar," ta ce.

Opanyin ya tashi da ƙyar, don gwiwoyinsa sun tsufa, ya taho yana jan ƙafa. Yana matsowa na ji an damƙi damtsena na dama. Hannunta ne, na dama, kuma farcenta ya shiga fiye da na kowane kare da na taɓa renon sa. Ya shinshina bakin zaninta, ya shinshina takalminta, ya ɗaga kai ya dube ni.

"Ki ce masa ya zauna."

"Ni?"

"Ya fi jin muryar malamai."

Ta ja numfashi ta ce, "Zauna." Yadda ta faɗa, ni kaina saura kaɗan in zauna. Dattijo ya sauke gindinsa ƙasa.

"Maza, Mama, ladansa, kar ki jinkirta." Na tura mata hanta a tafin hannun da ke sake. Ta miƙa masa, ido a rufe. Ya ɗauka da leɓe a hankali, kamar yadda yake yi wa yara, ko haƙori bai taɓa ta ba. Sannan ya yi abinsa, ya jingina wannan ƙaton kan nasa a cinyarta ya sauke numfashi.

Ta buɗe ido. Ta dubi karen, ta dubi hannunta da ya jiƙe da yawunsa. Na hagu ne. Ta juya shi gaba da baya tana kallo, ni kuwa ban yi gigin tuna mata ba. Hawaye ya gangaro mata ta ƙarƙashin tabarau, ba ta share ba, don hannu ɗaya yana riƙe da ni, ɗayan kuma ya sauka a kan Opanyin ba tare da ta sani ba.

"Yana son karnuka," ta ce. "Duk na unguwa ya sa musu suna. Ni nake hana shi, don suna ɓata masa kayan makaranta."

A haka Anti Araba ta same mu. Ta shigo da takardata a buɗe a hannu, fuskarta a murtuke.

"Enyo, wannan wane irin shirme ne na tarar a teburina? Wa ya ɓata miki rai? In ƙarin hutu kike so ki faɗa, amma ki tafi ki bar min su Shito, wa zai..." Sai ta lura da baƙuwa. "Au, sannu, Mama. Kare kika kawo?"

"Ba ni da kare," in ji Mama Mawusi. "Ba ni takardar nan."

Anti Araba ta dube ni, na sunkuyar da kai, ta miƙa mata. Mama Mawusi ta sake ni ta karanta, ta ninke gida huɗu, ta buɗe baƙar jakar ta saka ta rufe, ta kuma kama damtsena.

"Ba a karɓa ba, ba a kuma ƙi ba," ta ce. "Tana wurina. Ba ni kaɗai ce mai magana a gidanmu ba, akwai kawun Selorm, kuma shi ya haƙa kabarin Edem da hannunsa. Asabar zan je Kpando in same shi. Abin da na gani zan faɗa masa, ba ƙari ba ragi." Ta juyo gare ni. "Gidan nan ba a ba baƙo ruwa ne?"

Anti Araba ta yi saurin kawo kofi daga ofis, ta miƙo min don ni ce ƙarama. Sai a lokacin na ga halin da nake ciki. Igiyar Opanyin tana naɗe a hannuna na dama, Mama kuma tana riƙe da damtsen. Na yi ƙoƙarin zamewa in sauya hannu, ta ƙara damƙewa. Na ɗaga ido, ita ma ni take kallo, a karo na farko tun da muka haɗu.

Na karɓi kofin da hannun da ya rage min, zanen farce duk a fili, na ɗan rusuna.

"Hagu ce, Mama."

Ta sake ni. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta shanye har ƙasa, ta miƙo min kofin.

"Hannu ne, 'yata."

Na raka ta har titi na tsayar mata da mota. Da na dawo na zauna a ƙasa kusa da Opanyin na ba shi duk hantar da ta rage a jakata, ba tare da ya yi komai ba, abin da Anti Araba ta hana tun ranar farko. Tana kallo ta ƙyale ni.

Yau Juma'a, ina rubuta muku wannan a benci, Shito tana kwance a kan ƙafata. Damtsena ya yi shatin yatsu huɗu, Dada ta shafa min man kaɗanya tana tambaya wane karen ne, na ce mata ba kare ba ne. Takardata tana cikin baƙar jaka, jakar kuma gobe da asuba za ta hau motar Kpando. Ɗazu Selorm ya turo saƙo: "Mama ta ce ki ɗauko katinki na rigakafi. Ta sayi kujera uku a motar."